Darasin Motsa Jiki da Rawa a Makarantun Sakandaren Amurka

A makarantun sakandaren Amurka, motsa jiki darasi ne kamar lissafi ko tarihi. Ana kiran suna, ana ba da maki, kuma a yawancin jihohi ɗalibi ba ya karɓar takardar kammala karatu sai ya ci shi. Babbar sakandare a can shekara huɗu ce, daga aji tara zuwa aji goma sha biyu, ga matasa 'yan shekara 14 zuwa 18. Ana yin darasin a babban zauren wasanni mai daɓen katako, ko a filin guje-guje, ko a wurin ninkaya idan makarantar tana da hali. Ɗalibi yakan sauya kaya a ɗakin da aka tanada, ya sa riga da gajeren wando, ya motsa jiki na abin da bai kai awa ɗaya ba, ya koma aji na gaba da guminsa.

Wannan darasi daban yake da ƙungiyoyin wasanni na makaranta, waɗanda ke atisaye bayan an tashi, suna karawa da wasu makarantu. Ƙungiya ta zaɓaɓɓu ce, darasi kuwa na kowa ne: mai ƙarfi da rarrauna, mai ƙiba da siriri, mai son wasa da wanda gabansa ke faɗuwa idan ya ga ƙwallo ta nufo shi. Rawa tana da mazauni biyu a tsarin. A wata makaranta babi ce ta 'yan makonni a cikin darasin motsa jiki, a wata kuma fanni ce mai zaman kanta a sashen fasaha, tare da kiɗa da zane da wasan kwaikwayo.

Kowace jiha da dokarta

Gwamnatin tarayya ba ta tsara wa makarantu manhaja a Amurka. Aikin jihohi 50 ne da gundumomin ilimi kimanin 13,000, shi ya sa abin da ake buƙata ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri. Kalifoniya tana neman shekara biyu ta darasin kafin a kammala, da minti 400 a cikin kowane kwana goma na makaranta, kuma ƙa'idarta ta lissafa fannoni takwas da za a koyar, har da ninkaya da dabarun kare kai da rawa. New York tana so ɗalibi ya yi darasin a kowane zangon karatu har ya gama. Illinois ta daɗe tana alfahari da dokar yin sa kullum, sai a 2017 aka sassauta, ya koma aƙalla kwana uku a mako. Texas shekara ɗaya kawai take nema.

Adadin da ke takarda ma ba shi ne duka labarin ba, domin jihohi da yawa sun yarda a yi musanya. A Texas ɗalibin da ke ƙungiyar wasanni, ko ƙungiyar badujala mai fareti, ko horon share fagen aikin soja, ko ƙungiyar 'yan mata masu rawar jere a filin wasa, yana iya samun makinsa ta nan ba tare da ya taka zauren darasin ba. Wasu gundumomi har ta intanet suke ba da darasin, ɗalibi ya rubuta abin da ya yi a gida ya aika wa malami. Ƙungiyar malaman fannin, SHAPE America, tana ba da shawarar minti 225 a mako ga 'yan sakandare, amma jihohin da dokarsu ta kai nan 'yan kaɗan ne.

Daga Jamus da Suwidin

Tushen darasin daga Turai yake. A 1811 Friedrich Ludwig Jahn ya buɗe filin motsa jiki a Hasenheide, kusa da Berlin, da nufin gina matasan Jamus masu ƙarfin da za su kori sojojin Napoleon. A 1813 Per Henrik Ling ya kafa cibiyarsa a Stockholm, inda aka fi mayar da hankali ga lafiya da daidaita tsayuwar jiki. Wani almajirin Jahn, Charles Beck, ya yi hijira zuwa Amurka, a 1825 ya fara koyarwa a makarantar Round Hill da ke Northampton a jihar Massachusetts, kuma shi ake ɗauka malamin motsa jiki na farko a makarantar Amurka. Jamusawan da suka yi ƙaura bayan tarzomar 1848 suka kafa ƙungiyoyinsu a birane irin su Cincinnati da St. Louis da Milwaukee, suka matsa wa hukumomi sai an sa darasin a makarantun gwamnati. Kalifoniya ce jiha ta farko da ta mayar da shi doka, a 1866.

Darasin wancan zamani jeri ne da ƙirge. Yara su tsaya sahu-sahu, malami yana ba da umarni, su ɗaga hannu, su sunkuya, su miƙe a tare. A 1889 masana suka taru a Boston suna jayayya kan tsarin da ya fi, na Jamus ko na Suwidin. Ba a daɗe ba wasanni suka sha gaban duka biyun. A 1891 James Naismith, malami a makarantar horarwa ta YMCA a Springfield, ya ƙirƙiro ƙwallon kwando don ɗalibansa su sami abin yi a cikin zaure lokacin hunturu. A 1895 William Morgan ya ƙirƙiro ƙwallon raga a Holyoke, don manyan da ƙwallon kwando ta yi wa tsanani. Wasannin nan biyu da ake bugawa yau a filayen makarantu daga Kano har Damagaram, malaman motsa jiki ne suka haife su. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, likitocin soja suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na samarin da aka kira ba su da lafiyar shiga soja. Jihohi suka yi ta kafa dokokin tilasta darasin a shekarun da suka biyo baya. Tun daga lokacin, duk sa'ad da Amurka ta waiwayi darasin nan da gaske, tsoro ne ya sa ta: tsoron rasa sojoji, daga baya tsoron ƙiba.

Yadda rawa ta shigo

Rawa ta ɓangaren mata ta shiga makaranta. A farkon ƙarni na ashirin maza da mata ba sa haɗuwa a darasin, kowane ɓangare da malamansa, kuma masu tsara ilimi suna ganin gasa mai zafi ba ta dace da 'ya mace ba. A birnin New York, Luther Gulick, shugaban sashen motsa jiki na makarantun gwamnati daga 1903, ya ba Elizabeth Burchenal aikin shirya wa 'yan mata abin da za su yi. Burchenal ta zaga ƙauyukan Turai tana koyon raye-rayen gargajiya na Suwidin da Denmak da Ingila da Ailan, ta rubuta su, ta koya wa malamai. Kowace bazara dubban 'yan mata sukan taru a dandalin Central Park su nuna abin da suka koya. Yawancinsu 'ya'yan baƙin haure ne masu zama a cunkushe, kuma manufar ita ce a ba su iska da motsi, a kuma haɗa su a kan abu ɗaya.

Wadda ta mayar da rawa ilimi sosai ita ce Margaret H'Doubler ta Jami'ar Wisconsin. Ilimin halittu ta karanta, ƙwallon kwando take koyarwa, ba ta kuma da sha'awar rawa lokacin da shugabar sashenta, Blanche Trilling, ta tura ta New York a 1916 ta nemo irin rawar da ta cancanci a koyar a jami'a. Abin da ta gani a makarantun rawa bai burge ta ba, domin kwaikwayo ne kawai: malama ta yi, ɗalibai su maimaita. Da ta dawo sai ta ɗauki wata hanya. Takan sa ɗalibai su kwanta a ƙasa, inda nauyin jiki ba ya takura musu, su gwada yadda kafaɗa ke juyawa, yadda gwiwa ke naɗewa, yadda ƙashin baya ke lanƙwasawa. Tana ajiye ƙwarangwal a ajin, ta nuna gaɓar da ake magana a kai, sannan ta bar kowace ɗaliba ta nemo motsinta da kanta. Ba 'yan rawar dandali take son yayewa ba, malamai take so, masu ganin cewa kowane jiki yana iya rawa. A 1926 jami'ar ta buɗe digirin rawa na farko a ƙasar, a ƙarƙashin sashen motsa jiki na mata. Daga 1934 kuma makarantar bazara ta Bennington, a jihar Vermont, ta riƙa tara malaman motsa jiki mata suna koyo a hannun manyan masu rawar zamani irin su Martha Graham da Doris Humphrey da Hanya Holm. Waɗannan malamai su suka kai rawar zamani zaurukan sakandare a faɗin ƙasar.

Rawar kusurwa huɗu

Idan aka tambayi Ba'amurken da ya manyanta irin rawar da ya yi a makaranta, amsar da aka fi ji ita ce rawar kusurwa huɗu. Mutum takwas ke yin ta, maza huɗu mata huɗu, bibbiyu a kowane gefe suna fuskantar tsakiya. Kiɗan goge irin na Turawa yana tashi, mai kira yana faɗin abin da za a yi a kan kari: a gaida abokin rawa, a riƙe hannu a zaga hagu, a wuce juna baya da baya, a saƙala hannu a juya, a yi tattaki a koma mazauni. Ba a haddace jerin, kunne ke aiki, kuma mutum ɗaya ya ɓata sai duk takwas ɗin su rikice. A makaranta sau da yawa faifai ne ke yin kiran, malami yana tsaye da usur, matasa suna miƙa wa juna hannu mai gumi cikin jin kunya. Ana yawan sa babin a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙanƙara ta hana fita fili.

Attajirin motoci Henry Ford yana cikin waɗanda suka yaɗa ta. Ya tsani kiɗan jazz da raye-rayen birni na shekarun 1920, yana ganin suna lalata tarbiyya. Ya ɗauko malamin rawa Benjamin Lovett daga Massachusetts zuwa Dearborn a jihar Michigan, suka fitar da littafin koyarwa mai suna Good Morning a 1926, Ford ya biya kuɗin tura malamai makarantu, a 1937 kuma ya gina zauren rawa ya sa masa sunan Lovett. Ba a raba wannan himma da sauran ra'ayoyinsa, domin jaridarsa ta Dearborn Independent ta shafe shekaru tana yaɗa ƙiyayyar Yahudawa, kuma jazz ɗin da ya ƙi kiɗan baƙar fata ne. Sai dai rawar da ya ɗauka cewa gadon fararen manoma ce zalla, tarihinta gauraye yake. Tsarinta daga wata rawar Faransa ya samo asali, kuma masu bincike, cikinsu har da Phil Jamison a littafinsa na 2015, sun nuna cewa makaɗa baƙar fata, da yawansu bayi, su ne aka fara ambata suna kiran motsi da baki a wuraren rawa.

Ɗaya mutumin da ya ɗaukaka ta malamin makaranta ne, Lloyd Shaw, shugaban makarantar Cheyenne Mountain a jihar Colorado. Ya ga ƙwallon zari-ruga ta Amurka tana jikkata yara, tana kuma ware 'yan kaɗan ta bar saura a benci, sai ya nemi abin da kowa zai yi tare. Ya bi tsofaffin makiyaya da masu haƙar ma'adinai yana tattara kiraye-kirayensu, ya wallafa su a 1939, ɗalibansa suka riƙa zagaya ƙasar suna nuna rawar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta cika makarantu. Fiye da jihohi 20 sun ayyana ta a matsayin rawar jiha, majalisar ƙasa ma ta ba ta matsayin rawar gargajiya ta ƙasa na wucin gadi a 1982. Yau ta ja baya, rawar layi wadda ba a riƙe hannun kowa da hip-hop da salsa sun karɓe wurinta a makarantu da yawa.

Gwajin shugaban ƙasa

A farkon shekarun 1950 likita Hans Kraus da abokiyar aikinsa Bonnie Prudden suka gwada dubban yara da motsi shida masu sauƙi na auna ƙarfin ciki da baya, har da sunkuyawa a taɓa ƙasa ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. Kusan kashi 58 cikin ɗari na yaran Amurka suka faɗi aƙalla ɗaya, a Ostiriya da Italiya da Suwizalan kuwa waɗanda suka faɗi ba su kai kashi 9 ba. Sakamakon ya tayar da hankalin Shugaba Dwight Eisenhower, tsohon janar, a daidai lokacin yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet. A 1956 ya kafa majalisar kula da ƙarfin jikin matasa. John Kennedy ya rubuta maƙala a mujallar Sports Illustrated a watan Disambar 1960, kafin a rantsar da shi shugaban ƙasa, yana gargaɗin cewa laushin jiki barazana ce ga tsaron ƙasa. Ya kuma yaba wa makarantar La Sierra ta Kalifoniya, inda malami Stan LeProtti ke raba samari matakai gwargwadon ƙarfinsu, kowane mataki da launin wandonsa, kowa ya ga matsayin kowa.

A 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya ƙirƙiro lambar yabo ga yaran da suka shiga kashi 15 na sama a gwajin ƙarfin jiki na makarantu. Abin da miliyoyin Amurkawa suka fi tunawa ke nan: tashi daga kwance sau nawa a minti ɗaya, gudun kai-da-komo, gudun mil ɗaya, wato kimanin mita 1,600, da rataya a sandar ƙarfe a ja jiki har haɓa ta wuce ta. Ana yin sa a gaban aji. Yaron da ya kasa ko sau ɗaya yakan rataya yana shure-shure, sa'o'insa talatin suna kallo, malami ya rubuta sifiri. Babban aibin gwajin shi ne sau da yawa ba a horar da yara kafin ranar, ba a kuma yi musu komai bayanta. Ana auna abin da yaro ya zo da shi daga gida ne, a saka wa wanda Allah ya riga ya hore wa jiki. Daga 2012, zamanin Barack Obama, aka maye gurbinsa da tsarin da ya dogara da FitnessGram, ma'aunin cibiyar Cooper ta Dallas, wanda ke duba ko yaro ya kai matakin lafiya na shekarunsa ba tare da jera shi da wasu ba. A cikinsa akwai gudun mita 20 kai-da-komo, ana bin ƙarar na'ura da ke ƙara sauri kowane minti har mutum ya gaza. A ranar 31 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin dawo da tsohon gwajin.

Dokar 1972

A ranar 23 ga Yunin 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar ilimi mai ɗauke da Sashe na Tara, wanda ya hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya. 'Yan majalisa Patsy Mink da Edith Green da Birch Bayh su ne kan gaba. A shekarar karatu ta 1971 zuwa 1972 'yan matan da ke ƙungiyoyin wasannin sakandare ba su kai 300,000 ba, yau sun haura miliyan uku. Ƙa'idojin 1975 suka ce a haɗa maza da mata a darasin motsa jiki, ban da wasannin da ake gwabza jiki kamar kokawa da dambe, aka ba sakandare wa'adi zuwa 1978. A 1975 ɗin kuma dokar ilimin yara masu naƙasa ta ambaci motsa jiki da sunansa a cikin haƙƙinsu.

Nasarar dokar ba abin musu ba ce, amma rawa ta ji jiki. Da aka haɗe sashen maza da na mata, shugabanci ya fi faɗawa hannun maza, yawancinsu masu horar da ƙungiyoyi waɗanda ba su taɓa koyon rawa ba. Abin da ya fi sauƙi ga ajin haɗaka mai mutum arba'in ko hamsin shi ne a raba shi biyu a jefa ƙwallo. Malaman rawa suka fara ƙaura zuwa sashen fasaha. A 1994 aka sa rawa cikin ma'aunin ilimin fasaha na ƙasa, a 1998 suka kafa ƙungiyarsu ta daban. Darajarta ta ƙaru, masu samunta suka ragu. Binciken ma'aikatar ilimi ta tarayya na shekarar 2008 zuwa 2009 ya nuna kashi 91 cikin ɗari na sakandaren gwamnati suna koyar da kiɗa, masu darasin rawa kuwa kashi 12 ne kacal. Akwai makarantu na musamman irin LaGuardia ta New York, magajiyar makarantar da aka yi fim ɗin Fame a kanta a 1980, amma sai an ci jarrabawar gwaninta ake shiga.

Addini da sutura

Ƙin rawa saboda addini tsohon abu ne a Amurka. Majami'un Baptis da wasu ɗariƙun Kirista sun daɗe suna hana mabiyansu. Garin Elmore City a jihar Oklahoma bai bar ɗalibai sun yi bikin rawar kammala karatu ba sai 1980, labarin da aka gina fim ɗin Footloose a kansa, Jami'ar Baylor ta Texas kuma sai 1996 ta ɗage haramcin rawa a harabarta. Yau iyalai Musulmi da Yahudawa masu tsananta riƙon addini suna cikin masu neman a keɓe 'ya'yansu daga rawar da namiji ke riƙe mace, daga ninkayar haɗaka, da tilascin gajeren wando. Makarantu da yawa suna karɓar takardar iyaye, su ba ɗalibi wani aikin, ko su bar shi ya sa dogon wando da riga mai dogon hannu. A 2019 aka soke sakamakon wata ɗaliba a gasar gudu a Ohio don ta sa hijabi ba tare da takardar izini ba. Ƙorafin da ya biyo baya ya sa jihar ta kafa dokar kare suturar addini a wasanni a 2022. Illinois ma a 2021 ta ba ɗalibi mai azumi damar hutawa daga motsa jiki idan iyayensa sun rubuto. Makarantar da ta saurari iyaye tun farko ba ta rasa komai, domin abin da ake nema shi ne yarinya ta motsa jikinta, kuma tana iya yin haka a cikin suturar da hankalinta ya kwanta da ita.

Halin da ake ciki

Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna a 1991 kashi 42 cikin ɗari na 'yan sakandare suna shiga darasin kullum, a 2019 kuwa kimanin kashi 26. Ƙiba mai illa a tsakanin 'yan shekara 12 zuwa 19 ta tashi daga kimanin kashi 6 a farkon shekarun 1970 zuwa sama da kashi 20. Dokar ilimi da George W. Bush ya sa wa hannu a 2002 ta ɗaure ƙimar makaranta da sakamakon jarrabawar karatu da lissafi, shugabannin makarantu suka riƙa yanko lokaci daga fannonin da ba a jarrabawa. Dokar 2015 ta mayar da motsa jiki cikin jerin fannonin cikakken ilimi, sai dai ba ta tilasta wa kowa ba. Matsalar ta wuce Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so matashi ya yi aƙalla minti 60 na motsi mai matsakaicin ƙarfi ko fiye kowace rana, kuma bincikenta na 2019 a ƙasashe 146 ya gano kashi 81 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wa, 'yan mata kashi 85, maza kashi 78.

Ƙarancin lokaci rabin ciwon ne. Ɗaya rabin shi ne abin da darasin ke bari a zuciya. Masu bincike a Jami'ar Jihar Iowa sun tambayi manya kimanin dubu a 2018, suka tarar kunyatarwa ce kan gaba a munanan abubuwan da suke tunawa, kuma waɗanda aka saba zaɓa a ƙarshe idan ana raba ƙungiya sun fi zaman wuri ɗaya bayan sun girma. Dalilin da ya sa malamai da yawa suka daina barin ɗalibai biyu su tsaya suna zaɓen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ke nan, ƙungiyar malaman motsa jiki kuma ta ce wasan jifan juna da ƙwallo, inda rarrauna ke fara fita ya zauna, bai dace da aji ba. A gundumar Naperville ta Illinois, Phil Lawler da Paul Zientarski suka ɗaura wa ɗalibai na'urar auna bugun zuciya, suka riƙa ba da maki gwargwadon ƙoƙari. Na'urar ta nuna musu cewa yarinyar da ke zuwa ta ƙarshe a gudu wani lokaci zuciyarta ta fi ta na farko aiki. Littafin Spark na likita John Ratey, na 2008, ya yayata tsarin tare da danganta shi da kyawun sakamakon karatu. Naperville gari ne na masu hali, saboda haka ba duka nasarar za a jingina wa motsa jiki ba, amma auna yaro da ƙoƙarinsa adalci ne a kowace makaranta.

Rawa tana da abin bayarwa a nan wanda ƙwallo ba ta da shi. Ba wanda ake fitarwa, ba benci, ba ta buƙatar fili ko kaya masu tsada, kuma mutum yana iya ci gaba da ita har tsufa. Tana jan 'yan matan da suka fi kowa guje wa darasin a shekarun balaga. A birnin Örebro na Suwidin an gwada 'yan mata 112 masu fama da damuwa da ciwon kai ko na ciki, aka sa kusan rabinsu rawa sau biyu a mako na wata takwas ba tare da gasa ko nuni ba, kuma rahoton da aka wallafa a 2013 ya nuna sun fi sauran jin cewa lafiyarsu ta inganta. Jafan ta wajabta rawa ga maza da mata a ƙaramar sakandare daga 2012. Jihar West Virginia ta shigar da wasan kwamfuta na Dance Dance Revolution makarantunta daga 2006. Amma ba kowace rawa ce motsa jiki ba. Wani bincike a San Diego, na 2015, ya gano kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na lokacin ajin rawa ake yin motsi mai matsakaicin ƙarfi ko fiye, saura tsayuwa ce da sauraron bayani. Ajin da zai yi amfani sai da malamin da ya san rawar, ya kuma san yadda zai hana yara tsayuwa.

Ga yaron da ba zai taɓa shiga ƙungiyar makaranta ba, wanda iyayensa ba su da kuɗin sa shi a kulob, darasin nan shi ne kaɗai horon jiki da zai samu a hannun ƙwararre. Jihar da ta bar shi shekara ɗaya, ta yarda a musanya shi, ta cusa yara hamsin ga malami ɗaya, irin wannan yaron ta tauye. Ya kamata hukumomin ilimi su ƙara lokacin darasin, su rage yawan ɗalibai a aji, su ɗauki malaman da suka koyi rawa kamar yadda suka koyi ƙwallo, su kuma auna nasarar darasin da ɗalibin da ya fi kowa rauni.